Rewaya da Batirin da Ke Sauka Cikin Dare

Daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, har Maraɗi da Damagaram, akwai ƙorafin da masu gyaran mota suka gaji da ji: an ajiye mota lafiya lau da daddare, da safe an murɗa makulli sai ƙas-ƙas, ko ma a ji shiru. Hukuncin da mai mota yake yankewa nan take shi ne batir ya mutu, kuma mai sayar da batir ba shi da dalilin yi masa gardama. A sa sabo, mota ta tashi, bayan mako biyu a koma gidan jiya. A ganina wannan shi ne barin jaki ana dukan taiki, kuma tarihin wutar mota yana goyon bayan wannan ra'ayi. A cikin shekara ɗari da 'yan kai, duk wani gyara da masu ƙera mota suka yi wa tsarin wuta ya ƙara wa direba sauƙi, amma ya ƙara ɓoye inda wutar take zurarewa idan an samu matsala. Sana'ar rewaya ta tsiro ne daga wannan ɓuyar. Ainihin aikinta bin diddigin wuta ne har a gano inda take sulalewa, ba canza kaya ba, kuma wannan ɓangaren ne kasuwa ta fi raina kuɗinsa.

Motocin fetur na farko ba su dogara da batir wajen tashi ba. Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro batirin dalma da asid tun 1859, irin wanda har yau yake zaune a ƙarƙashin bonet, amma motocin fetur na farkon ƙarni na 20 da hannu ake tayar da su. Ana zura wani lanƙwasasshen ƙarfe a gaban inji a juya shi da ƙarfin tuwo, magneto ya ba da tartsatsin wuta, fitilu kuma na kananzir ne ko na kabaid. Sai a 1912 kamfanin Cadillac ya fito da mota mai kik na lantarki, aikin Charles Kettering, ita kuwa Ford Model T, motar talakawan Amurka, ba ta samu nata ba sai 1919. A wannan zamanin ne mota ta shigo ƙasar Hausa, bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko shi aka fi ambata a matsayin sarkin Arewa da ya fara mallakarta. Ko bayan zuwan kik, an daɗe ana barin ramin ƙarfen juyawa a gaban motoci. Saboda haka saukar batir a wancan lokaci ɓacin rai ne kawai: karen mota ya sauko ya juya inji, ko a tura ta a gangare, tafiya ta ci gaba.

Ɓarawon wuta na farko da tarihin mota ya sani yana zaune ne tsakanin dainamo da batir. Dainamo na cika batir muddin inji na gudu, amma da zarar inji ya tsaya, wutar batir za ta iya komowa ta bi cikin naɗin wayoyinsa ta salwanta. Don hana haka aka sa wata 'yar na'ura, kot-awut, mai bakuna biyu na ƙarfe da suke haɗuwa idan dainamo ya fi batir ƙarfi, su rabu idan ya yi ƙasa. Ranar da bakunan suka manne saboda zafi ko datti, batir zai kwana yana ɗura wuta cikin dainamo, wani lokaci har ya ƙone shi. Sai dai wannan matsala ba ta iya ɓuya. Motoci da yawa na wancan zamani suna da agogon amfiya a dashbod, mai allura da ke karkata dama idan wuta na shiga batir, ta karkata hagu idan tana fita. Direban da ya kashe inji ya ga allura ta kwanta hagu ya san akwai abin da ke shan wuta, ba tare da ya san komai game da lantarki ba. Wayoyin ma ba su da yawa: fitilu, ham, kik, waifa, sai koyil. Bakanike ɗaya zai iya riƙe taswirarsu duka a kansa.

A shekarun 1950 kamfanonin Amurka suka tashi daga batir mai bolt 6 zuwa mai bolt 12, Volkswagen kuwa ta ja ƙafa har wajen 1967. A 1960 Chrysler ta sa altaneta a motarta Valiant, sauran kamfanoni suka bi sahu cikin shekarun da suka biyo baya. Altaneta ya fi dainamo ta kusan kowace fuska: yana caji ko da inji na aiki a tsaye, ya fi sauƙin nauyi, kuma ba ya buƙatar kot-awut, domin dayod-dayod ɗin da ke cikinsa, galibi shida, suna barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Amma a nan ne matsalar ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Dayod ɗaya zai iya lalacewa ya riƙa barin wuta tana komawa baya a hankali, altaneta na ci gaba da caji da rana, da daddare kuma yana tsotse abin da ya zuba. Babu ƙara, babu hayaƙi. A daidai wannan lokaci kuma masu ƙera mota suka riƙa cire agogon amfiya suna sa 'yar jar fitila mai hoton batir, wadda aikinta ta faɗa maka ko caji na tafiya yayin da inji ke gudu. Game da abin da ke faruwa bayan an zare makulli ba ta da ta cewa. Ilimin da a da yake gaban idon kowane direba sai ya koma hannun wanda ya san inda zai ɗora waya, kuma wannan mutumin shi ne rewaya.

A Najeriya sana'ar ta yi makarantarta ne a shekarun arzikin mai. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, Volkswagen ta buɗe nata a Legas, daga baya aka samu Steyr a Bauchi da masana'antar manyan motocin Fiat a Kano. Titunan Arewa suka cika da 404 da 504 da Bitil, ga Bedford da Marsandi masu ɗaukar kaya. Amfanin wannan ga mai koyo ba ƙarami ba ne: motocin iri kaɗan ne, yaron da ya yi 'yan shekaru a gaban oga yana kwance dashbod ɗin 504 zai wayi gari ya haddace hanyar kowace waya. A lokacin ne gareji ya rarrabu yadda muka san shi, bakanike da injinsa, fanel-bita da gudumarsa, mai cajin batir da kwalaben ruwan batir da jerin batura a ƙasa, rewaya kuma da ɗan akwatinsa. A cikin akwatin, abin da ya fi kowane daraja shi ne mafi arha: ƙwan fitila guda da aka jona wa wayoyi biyu. Idan aka kawo motar da ke shan batir, sai ya kashe komai, ya kwance kan baƙi na batir, ya ɗora waya ɗaya a kan sandar batir, ɗayar a kan wayar da ya cire. In ƙwan ya kama, wuta na fita. Daga nan ya sa yaro ya riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya, shi kuma idonsa na kan ƙwan. Fis ɗin da aka zare ƙwan ya mutu, layinsa ne mai laifi. In an zare duka bai mutu ba, sai a je a cire wayar bayan altaneta.

Bai kamata a raina wannan hanya ba, domin hujja ce tsantsa: ka tabbatar akwai zurara, ka raba gidan wutar kashi-kashi, ka fitar da marasa laifi har mai laifi ya rage. Kuma ƙwan yana faɗin gaskiya ne saboda dalili ɗaya. A 504, kashewa na nufin kashewa. Ban da agogon dashbod da ɗan abin da rediyo ke riƙewa, babu abin da ke da hurumin shan wuta bayan an zare makulli, don haka duk hasken da ƙwan ya yi shaida ce.

Wannan sharaɗin ne ya rushe. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, masana'antun haɗa motoci suka durƙushe, kasuwa ta koma hannun tokumbo da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas. Maimakon iri biyar ko shida, rewaya ya wayi gari da motocin Japan da Jamus da Amurka da Koriya, kowace da tsarinta. Kuma a wannan shekarar ta 1986 ne kamfanin Bosch ya gabatar da CAN, tsarin da ke barin ƙananan kwamfutocin mota su riƙa magana da juna ta wayoyi biyu, wanda Mercedes ta sa a babbar motarta a 1991. Motar yau tana ɗauke da irin waɗannan kwamfutoci da dama: ta inji, wadda ake kira birenbos, ta giya, ta birki, ta ƙofofi, ta rediyo, ta makullin rimot. Idan ka kashe mota ka kulle, ba sa mutuwa. Suna gama ayyukansu ne su kwanta barci ɗaya bayan ɗaya, abin da kan ɗauki mintuna kaɗan a wata motar, a wata kuma ya haura rabin awa. Ko bayan sun yi barcin, mota mai lafiya tana ci gaba da shan kimanin miliamfiya 20 zuwa 50. Lissafin ba wuya. Batir mai lamba 60 da ake zuƙar miliamfiya 30 daga gare shi yana rasa ƙasa da amfiya-awa 1 a kwana, zai yi makonni yana tayar da mota. Amma ƙwan but mai wat 5 da ya ƙi mutuwa yana jan kusan amfiya 0.4, wato wajen amfiya-awa 10 a kwana, cikin kwana uku ya cinye rabin batir. Kwamfuta guda da ta ƙi barci, tana kuma tashin 'yan uwanta ta waccan hanyar maganar, tana iya jan fiye da haka.

A irin wannan mota ƙwan gwaji yana yin ƙarya ta fuska biyu. Da ka cire kan batir ka jona ta cikinsa, kwamfutocin za su farka su nemi wuta, ƙwan ya haska, a ɗauka an kama ɓarawo alhali lafiyar mota ƙalau. Ta ɗaya gefen, zurarar miliamfiya 150, wadda ta isa ta kwantar da batir cikin mako guda ko biyu, ba za ta ko ɗumama babban ƙwai mai wat 21 ba. Zare fis ma ya zama abin taka-tsantsan, don mayar da shi yana tayar da abin da ya riga ya kwanta. Rewayan da ya tafi da zamani yakan buɗe bonet da ƙofar da zai yi aiki ta wajenta, ya danna maƙallin ƙofar da sukudireba don motar ta ɗauka a rufe take, ya kai makullin rimot nesa, ya jona mita a tsakanin sandar batir da wayarta a kan ma'aunin amfiya 10, ko ya maƙala mita mai baki a jikin wayar ba tare da ya cire komai ba. Sannan ya zauna ya jira lambar ta sauka ta tsaya. In ta tsaya sama da ƙima, ba ya zare komai. A bayan kowane fis na roba akwai ƙananan ɗigo biyu na ƙarfe a fili. Yana ɗora bakin mita a kansu a ma'aunin milibolt, kuma fis ɗin da wuta ke bi ta cikinsa shi kaɗai zai nuna lamba. Hujjar ita ce dai ta zamanin 504, wato rarrabewa da fitar da marasa laifi. Abin da ya canza shi ne kayan awo, da kuma haƙurin jira.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba za a ɗora wa Bosch ko Toyota ba. Mota ba ta zama yadda aka ƙera ta a hannunmu. Ana sa mata rediyon Android, da amfilifaya, da na'urar bin sawu saboda ɓarayi, da ƙararrawa, da fitilun ado, kuma sau da yawa ana ɗauko musu wuta ne daga layin da ba ya mutuwa, domin shi ya fi kusa da hannu. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, motocin da aka shigo da su da sitiyari a dama akan juya su, aikin da ke nufin yanke damin wayoyin dashbod a sake ɗaure su da salatif, wanda zafin bazara ke saki. Wasu tokumbon kuma ruwa ya taɓa cinye su a can, tsatsa na cin akwatin fis a hankali. A manyan motoci masu batir biyu, bolt 24, an saba ɗaukar bolt 12 daga batir ɗaya don rediyo ko cajin waya, sai wannan ɗayan ya riƙa sauka ya bar ɗan uwansa, a ƙarshe duka biyun su lalace. Ga kuma fis ɗin da ya ƙone aka naɗa masa zaren waya, wanda ke rufe bakin shaidar da ya kamata ta yi magana, wani lokaci har ya kai ga gobara. Gaskiya mai ɗaci ita ce yawancin waɗannan ayyuka hannun wani rewayan ne ya yi su, a kan farashin da mai mota ya matsa a yi.

Za a ce ai sau da yawa batirin ne ya mutu da gaske, kuma haka ne. Zafin ƙasarmu yana cin batir fiye da sanyin Turai, yana ƙafar da ruwansa, yana cinye farantansa, ga kuma batura marasa inganci a kasuwa. Amma wannan dalili ne na yin awo, ba na tsallake shi ba, kuma awon farko ba ya cin minti goma. Cikakken batir da ya huta yana nuna wajen bolt 12.6, mai 12.2 ya kai kusan rabi, inji na gudu kuma ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. A caja shi, a cire kansa, a bar shi ya kwana: in ya sauka shi kaɗai, laifinsa ne, in ya riƙe wutarsa a waje amma ya zube a jikin mota, ba shi ba ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne batirin mota ba a yi shi don a riƙa sauke shi ƙasa ba. Duk lokacin da ya kwana a sauke, wani farin gishiri na daskarewa a farantansa, ƙarfinsa na raguwa. Saboda haka mutumin da ya zo da mataccen batir sau da yawa yana da gaskiya cewa ya mutu, sai dai kashe shi aka yi, kuma abin da ya kashe shi yana nan yana jiran sabon.

Wasu kuma za su ce zamanin rewaya ya wuce, a kai mota a sa mata kwamfuta. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suna da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, kuma na'urar karanta shi ta yi arha. Tana da amfani, musamman wajen gano kwamfutar da ta ƙi barci. Amma tana karanta abin da motar ta sani ne game da kanta. Ba ta san da na'urar bin sawun da aka ɓoye a bayan dashbod ba, ba ta ganin ƙwan but, kuma jona ta kansa yana hana motar barcin da ake son a auna. Sai masu cewa a riƙa cire kan batir kowane dare kawai. A tsohuwar mota dabara ce da ke kai mutum ƙarshen wata. A sabuwa, tana goge abin da birenbos ya koya, tana kulle wasu rediyoyi, tana sassauta kan batir har ya daina kamawa, kuma ba ta warkar da wayar da ta goge tana taɓa bodi, wadda gobe za ta iya kama wuta a kan hanya.

Hanzarin da ya fi ƙarfi daga bakin rewaya kansa yake fitowa: wa zai biya ni awa biyu ina zaune ina kallon mita? Yana da gaskiya, kuma a nan tarihin sana'ar ya bar mana gado mara kyau. A zamanin da ƙwan gwaji ke kama laifi cikin minti biyar, bincike kyauta ne, kuɗin aiki na kan abin da aka canza ko aka ɗaure. Al'adar ta zauna a haka, alhali aikin ya juye: yanzu gano laifin ne ke cin yini, gyaran kuma wani lokaci waya ɗaya ce za a matsar daga wannan layi zuwa wancan. Mai motar da zai ƙirga dubbai ya sayi batir ba tare da ciniki ba, shi ne zai ga an cuce shi in aka ce ya biya kuɗin awo, don bai ga sabon abu a motarsa ba. Rewayan da ya fahimci haka sai ya ce a canza batir, in bai yi ba a canza altaneta, in bai yi ba birenbos ne. Ba jahilci ne kaɗai ke jawo haka ba, abin da ake biya ne ake samu. Shi ya sa nake ganin gyaran ya rataya a wuyan ɓangarorin biyu. Ogannin gareji da ƙungiyoyinsu su sa mita da karanta taswirar waya cikin abin da yaro zai iya kafin a yaye shi, su kuma yanka wa bincike farashinsa daban. Kai kuma mai mota, ranar da aka ce maka batir ne, ka tambayi miliamfiya nawa motarka take sha bayan ta yi barci, ka ce a nuna maka lambar a kan mita, sannan ka biya wanda ya nuna maka.